Ba sai ka iya harshe kamar ɗan ƙasa ba kafin ya amfane ka a aiki

Mutane da yawa sun ɗauka harshen waje ba ya tsinana wa ma'aikaci komai sai ya ƙware har ba a bambanta shi da 'yan ƙasar. Wannan tunanin ya sa wasu ba su ma fara koyo ba.

Masu ɗaukar ma'aikata ba haka suke auna abin ba. Ma'aunin da Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar a 2001 ya kasa iya harshe matakai shida, daga A1 zuwa C2. A Jamus, B2 ake yawan nema daga ma'aikatan jinya da suka zo daga waje, wato mataki na huɗu. Mai B2 yana bin tattaunawa, ya rubuta rahoto, ya kare ra'ayinsa, ko da yana tuntuɓe a nahawu.

Abin ya fi fitowa fili a sufurin jiragen sama, inda kuskure ke iya cin rai. Hukumar ICAO, mai kula da sufurin jiragen sama na farar hula a duniya, ta tsayar da mataki na 4 cikin 6 a Turanci ga matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage tsakanin ƙasashe. Ba ta hana karin harshen uwa ya fito a bakin mutum ba, muddin ana gane shi.

Tafinta da fassarar takardun shari'a kam sai da ƙwarewa mai zurfi. Amma injiniya ko akanta, sana'arsa ake saya, harshen kuwa kalmomin fagensa zai fara riƙewa.