Mene ne filasmid, kuma me ya sa allurar da ta yi aiki bara ta kasa bana?

A ɗakin majinyata a Katsina ba a rasa mai cewa, "Likita, ai jikina ne ya saba da maganin." Jiki bai saba da komai ba. Bakteriyar ce ta samu hanyar kare kanta, kuma sau da yawa ta hanyar filasmid ta same ta.

Filasmid ɗan ƙaramin zobe ne na DNA da ke zaune cikin bakteriya, daban da babban kundin halittarta. Joshua Lederberg na Amurka ne ya raɗa masa suna a 1952. Bakteriya na iya rayuwa ba tare da shi ba, amma a jikinsa ake yawan samun umarnin haɗa sinadarin da ke wargaza antibayotik kafin ya yi aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne filasmid ba ya jiran gado. Bakteriya ɗaya za ta miƙa wani siririn zare ta kamo maƙwabciyarta, ta tura mata kwafi, kamar yadda samari ke tura bidiyo ta Xender: mai karɓa ya samu, mai turawa bai rasa nasa ba. Ba sai ma jinsinsu ɗaya ba. Bakteriyar Klebsiella na iya ba bakteriyar E. coli. A Japan aka fara gano haka wajen 1959, lokacin da ƙwayar atini ta riƙa bijire wa magunguna huɗu a lokaci guda.

Filasmid ɗaya kan ɗauko kariyar magunguna da dama a ƙunshi guda. Don haka wanda ya sayi ja-da-yalo a kemis ya sha don mura, ko ya zuba wa kaji a ruwa, yana kashe raunana ne ya bar fili ga masu wannan ƙunshi, har da waɗanda allurar ceftriaxone ba ta taɓa su. NDM-1, wani sinadari da filasmid ke ɗauke da umarnin haɗa shi, wanda aka gano a 2008 jikin wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a Indiya, yana karya carbapenem, maganin da ake ajiyewa sai ta ɓaci. A 2015 aka samu mcr-1 a Sin, wani umarni a jikin filasmid mai hana antibayotik ɗin colistin aiki. Wani bincike a mujallar Lancet ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 sanadin bakteriya mai bijire wa magani, kuma gwargwadon yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba.

Asibiti kuwa matattara ce: robar fitsari, raunin tiyata, bakin famfo, hannun ɗan jinya da ya taɓa gado biyu bai wanke ba. Shi ya sa likita ke tura fitsari ko mugunya lab, a shuka ƙwayar a faranti, a jera mata magunguna a ga wanda ke cin ta. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3, kuma a ganina nan ne dangi suka fi gaza haƙuri, su fita su sayo wata allurar a waje.