Daga Contergan zuwa saidaliyyar unguwa: asalin tsoron magani ga mai ciki

Wata maƙwabciyarmu a Shara Mansur da ke Makka, cikinta wata biyar, ta dawo daga asibiti da kwalin maganin hawan jini, ta ɗora shi kan firiji ko ɓarewa ba ta yi ba. Surukarta ce ta hana. "'Yar nan, mai juna biyu ba ta shan ƙwayar Bature." Da la'asar kuma sai ga ta da kofin wani jiƙo da aka haɗo wajen mai sayar da itatuwa, saiwoyi huɗu ko biyar, babu wanda ya san sunansu duka.

Tsoron nan yana da asali, amma ba daga kakanninmu ya faro ba. Har tsakiyar ƙarnin da ya wuce likitoci da yawa sun ɗauka mabiyiya katanga ce, abin da uwa ta sha ba ya isa ga ɗan tayi. A 1957 kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fitar da thalidomide da sunan Contergan. Maganin barci ne, ana sayensa ba takardar likita, mata masu laulayi suka riƙa sha don tashin zuciya. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, wasu tafin hannunsu manne da kafaɗa. Amurka ta tsira da sauƙi domin wata ma'aikaciyar hukumar abinci da magunguna ta ƙasar (FDA), Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu sai an kawo mata hujja. A 1962 ƙasar ta tsaurara dokar gwajin magani.

Daga nan aka koma ɗaya gefen. A 1977 FDA ta ce a cire matan da ke iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magani, ba a sassauta ba sai 1993. Kariya aka nufa, jahilci aka girba: magunguna da dama suka shigo kasuwa ba a san yadda suke da mai ciki ba. Haruffan nan A, B, C, D da X da FDA ta ƙirƙiro a 1979 don nuna haɗarin magani ga mai ciki ma sun rikita mutane, ana karanta su kamar makin jarrabawa, alhali C sau da yawa "ba a yi isasshen bincike ba" take nufi. An daina su a 2015, aka koma bayani dalla-dalla, kodayake har yau za ka ji ana ambatonsu a saidaliyya, wato kantin magani.

Mai shayarwa lamarinta ya fi sauƙi, don yawancin magunguna kaɗan ne ke shiga nono. Ibuprofen da aka ce mai ciki ta guje masa daga mako na 20, mai jego tana iya sha. Codeine da tramadol kuwa, tun 2017 aka gargaɗi masu shayarwa a kansu, suna iya danne numfashin jariri. Na gargajiya ma bai kuɓuta ba: likitocin Zariya a shekarun 1970 sun danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa.

A nan Saudiyya an kafa hukumar abinci da magunguna a 2003, a 2018 kuma aka matsa wa masu saidaliyya su daina sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takarda. Amma wadda ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, saidaliyyar ce asibitinta, ga alhazai da ke zuwa da ƙwayar tsayar da haila a jaka, wata ba ta ma san tana da shigar ciki ba.

Maƙwabciyar tamu sai da ƙafafunta suka kumbura, kai ya dame ta da sara, mijin ya kira layin 937 na Ma'aikatar Lafiya. Aka ce ya kai ta asibiti a daren, da kwalin da ke kan firijin, da ragowar saiwoyin a leda.