Rediyon SDR a tsohuwar kwamfuta: tambayoyi da amsoshi

Wani ƙanina da ke karatu a Samaru ya sayo RTL-SDR, wata 'yar na'urar rediyo ta USB, ya soka ta a laftof ɗinsa ta gwanjo mai Windows 7, sai shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ga tambayoyin da ya yi mini da amsoshin da na ba shi.

Yaya, mene ne SDR ɗin ma tukuna?

Rediyo ne da manhaja ke yin aikin da kayan cikin akwatin rediyo suka saba yi. Na'urar kamar filas take, da guntun RTL2832U na kamfanin Realtek a cikinta. Don kallon talabijin aka ƙera ta, a 2012 ne aka fara juya ta zuwa rediyo. Tana kamawa daga kusan megahaz 24 zuwa 1,700. Saurare kawai take yi, ba ta aika saƙo.

To me ya hana SDR# buɗewa?

SDR#, manhajar da ake sauraro da ita, ta Windows ce kaɗai, kuma sababbin fitowarta suna neman sabon .NET (manhajar Microsoft da take dogaro da ita) wanda Windows 7 ba ya ɗauka. Koma HDSDR, ta fi haƙuri da tsofaffin kwamfutoci. Amma sau da yawa laifin direba ne, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura. Windows na ɗaukar na'urar a matsayin ta talabijin, sai ka buɗe manhajar Zadig ka sa mata direban WinUSB. Ka lura da abin da ka zaɓa a jerin, don idan hannu ya kuskure, linzaminka ne zai daina motsi.

Idan na koma Linux fa?

Ni can na fi so. Akwai manhajojin sauraro GQRX da SDR++ da CubicSDR, duk kyauta. Tarkon guda ne: Linux ma yana riga ka kama na'urar da direban talabijin mai suna dvb_usb_rtl28xxu, dole ka hana shi tashi sannan ka sake kunna kwamfutar. Wanda ba ya son taɓa Windows ɗinsa ya zuba DragonOS, wani Linux mai manhajojin SDR a ciki, a filas ya tashi daga nan. Wayar Android ma tana yi, da igiyar OTG mai haɗa na'urar USB da waya, da manhajar SDR Touch.

Sautin yana yankewa, kwamfutar ta ɗau zafi.

Ka ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta. A cikin manhajar, rage "sample rate", wato yawan bayanan da na'urar ke aiko wa kwamfuta, daga miliyan 2.4 a daƙiƙa zuwa miliyan 1.024.

A Zariya me zan kama?

Tashoshin FM tsakanin megahaz 88 da 108 su ne gwajin farko. Sannan muna da gata, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa a 1964 tana nan garin. Matuƙa na magana tsakanin megahaz 118 da 137, kuma da manhajar dump1090 za ka ga jiragen da ke sanar da inda suke a kan megahaz 1090.

Gajeren zango, inda iyayenmu ke kama BBC Hausa, yawancinsa yana ƙasa da megahaz 24, sai da na'urar RTL-SDR samfurin V3 ko V4 da doguwar waya a matsayin eriya. In ka ji ƙara ta cika ko'ina, zare cajar laftof ɗin ka fita tsakar gida, nesa da inbata.