Ba Kullum Guba Ke Kashe Kifi Ba

An daɗe ana cewa duk inda aka ga matattun kifaye birjik a bakin kogi, to wata masana'anta ce ta zuba guba. Zargin yana da dalili, domin hakan na faruwa. Sai dai abin da ya fi yawan kashe kifi a tare shi ne ƙarancin iskar shaƙa a cikin ruwa. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe ta sosai, ruɓaɓɓen gansakuka kuma yana cinye wadda ta rage.

Akwai alamun da mutum zai duba da idonsa. Idan iska ce ta yi ƙaranci, kifayen kan taso sama suna haki da asuba, manya ne kuma kan fara mutuwa. Guba kuwa ba ta da lokaci, takan fara da ƙanana, ta haɗa har da kwaɗi da ƙaguwa. Amma a lura, dagwalon masana'anta ma yana iya cinye iskar, shi ya sa gwaji kaɗai ke raba gardama.

A ɗauki hoto, a ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta daga inda ruwan ke gangarowa kafin ya iso wurin da kuma bayan ya wuce shi, a sa kifin da bai ruɓe ba cikin ƙanƙara, a sanar da jami'an muhalli da wuri. Kada a ci kifin.

Don Allah a tura wa masunta da maƙwabtan kogi.