Waiwaye: Ƙungiyar Dodgers, daga titunan Brooklyn zuwa tudun Los Angeles

Sunan kansa daga titi ya fito. A ƙarshen ƙarni na 19 unguwar Brooklyn ta New York cike take da taragon lantarki masu ratsa tituna, wanda duk zai tsallaka sai ya iya zulliya. Shi ya sa ake kiran mutanen unguwar masu kauce wa tarago, daga nan sunan Dodgers ya manne wa ƙungiyarsu ta ƙwallon besbol. An kafa ta a 1883, ta shiga gasar National League a 1890, a 1913 kuma ta tare a filin Ebbets, ƙaramin fili da gidajen mutane suka kewaye, inda ɗan kallo ke jin maganar ɗan wasa.

Wanda bai saba da wasan ba yana buƙatar abu kaɗan kafin labarin ya yi masa daɗi. Mai jifa yana tsayawa mita 18 da 'yan kai daga mai duka, bayan mai dukan kuma akwai mai cafka a tsugune. In mai duka ya kai wa ƙwallo sanda bai same ta ba, ko ya ƙyale jifa mai kyau ta wuce, an ci shi ɗaya. Sau uku ya fita. In mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace, mai duka ya tafi zangon farko kyauta. Zanguna uku ne, na huɗu shi ne gida, tsakanin kowane biyu mita 27, wanda ya zagayo gida ya kawo maki ɗaya. Ana fitar da mutum uku sai a yi musanya, haka har zagaye tara, in an yi kunnen doki a ƙara. Babu agogo. Muddin ba a fitar da mutum na ƙarshe ba, wasa bai ƙare ba, kuma rabin baƙin cikin Dodgers da rabin farin cikinta daga wannan ƙa'idar suka fito.

A duba 1941. Wasa na huɗu na gasar ƙarshe, wato World Series, Dodgers na gaban maƙwabtanta New York Yankees da ci 4 da 3, zagaye na tara, an fitar da mutum biyu. Hugh Casey ya jefa ƙwallo mai lanƙwasa, Tommy Henrich ya kai duka ya sami iska. Wannan na uku ke nan, da wasa ya tashi. Amma doka ta ce sai mai cafka ya riƙe jifa ta ukun, in ta kuɓuce masa mai duka na da damar rugawa zangon farko. Ƙwallon ta goga safar Mickey Owen, mutumin da ya yi suna wajen riƙo a kakar, ta gangara baya. Henrich ya isa zango, Joe DiMaggio da na bayansa suka yi ta zuba duka, Yankees ta ci 7 da 4, washegari ta ɗauki kofi. Sai kuma 1947, 1949, 1952 da 1953: kowace shekara Dodgers ta kai ƙarshe, kowace shekara Yankees ce ke tare ta. Magoya baya suka mayar da "sai baɗi" kamar taken ƙungiya.

A tsakiyar wannan jiran ne ƙungiyar ta yi abin da ya fi kowane kofi girma. Tun shekarun 1880 masu ƙungiyoyi suka haɗa baki, ba a rubuce ba, cewa baƙar fata ba zai buga a babbar gasa ba. Baƙaƙe suna da gasarsu daban, cike da gwanaye. Branch Rickey, shugaban Dodgers, ya aika 'yan leƙe suka zaɓo masa Jackie Robinson na ƙungiyar Kansas City Monarchs, tsohon hafsan soja mai ilimin jami'a. Sun gana a watan Agustan 1945, sharaɗin Rickey kuwa mai nauyi ne: za a zage ka, za a nufe ka da ƙwallo, ba za ka rama ba. Ba don Robinson mai sanyi ba ne, mutum ne mai zuciya. Lissafin shi ne faɗa ɗaya ya isa a ce ai dama an faɗa, a sake rufe ƙofa shekaru.

Rickey bai yi gaggawa ba. Ya fara tura shi Montreal ta Kanada a 1946, ƙaramar ƙungiyar Dodgers, inda ƙyamar ba ta kai ta kudancin Amurka ba. Atisayen farkon 1947 ma a Havana ta Kuba aka yi shi. Da wasu 'yan wasan ƙungiyar suka fara zagaya takardar ƙin amincewa, koci Leo Durocher ya taka musu burki. Ranar 15 ga Afrilu 1947 Robinson ya fito filin Ebbets da lamba 42, yana da shekara 28, aka ba shi tsaron zangon farko, wurin da ƙafar mai tsaro ke kan zango yayin da mai gudu ke tahowa da takalmi mai ƙusoshi. An taka shi, an yi masa wasiƙun barazana, kocin Philadelphia Ben Chapman ya sa aka yi masa ruwan zagi daga benci. Amsarsa a fili ya ba da ita: ya fi kowa a gasarsu satar zango, wato rugawa zango na gaba ba tare da jiran duka ba, har sau 29, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, a 1949 kuma gwarzon gasar gaba ɗaya. Roy Campanella da Don Newcombe suka biyo bayansa. A 1997 aka jingine lamba 42 a dukan ƙungiyoyin babbar gasa, yanzu kuma duk 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa ita yake sawa.

Ciwon 1951 ya fi na 1941, domin abokan gaba na cikin gida ne, New York Giants. A tsakiyar Agusta Dodgers ta ba su ratar wasa 13, amma Giants ta ci 37 cikin 44 na ƙarshe, aka yi kunnen doki, aka shirya wasa uku na raba gardama. A na ukun, 3 ga Oktoba, Dodgers ta shiga zagayen ƙarshe da ci 4 da 1. Mai jifa Newcombe ya gaji, ci ya koma 4 da 2 da mutum biyu a zango, aka kira Ralph Branca. Jifarsa ta biyu Bobby Thomson ya ɗaga ta ta tsallake katanga, dukan da ya ba shi da mutum biyun damar zagayowa gida, Giants ta ci 5 da 4. Sai bayan shekara hamsin, a 2001, jaridar Wall Street Journal ta fallasa cewa Giants na da mai madubin hangen nesa a ɗakin da ke can ƙarshen filinsu, yana karanta alamar yatsu da mai cafka ke yi wa mai jifa, yana danna ƙararrawa ta waya a isar da saƙo. Mai duka da ya san ko mai sauri ce ke zuwa ko mai lanƙwasa, an rage masa rabin aiki. Thomson ya musanta cewa ya karɓi alama a wannan jifar. Branca kuwa shi ya ɗauki laifin a idon jama'a duk tsawon shekarun, kuma ba a yi masa adalci ba.

"Baɗi" ta zo ranar 4 ga Oktoba 1955, wasa na bakwai, a gidan Yankees. Johnny Podres, ɗan shekara 23, shi ya yi jifa daga farko har ƙarshe, dukan Gil Hodges ne ya kawo makin biyu. Amma abin da masana ke komawa kansa shi ne zagaye na shida. Koci Walter Alston ya shigo da Sandy Amorós, ɗan Kuba, ya tsare bayan fili ta hagu. Yankees na da mutum biyu a zango, ba a fitar da kowa ba, Yogi Berra ke riƙe da sanda. Da yake Berra ya saba jan ƙwallo dama, masu tsaro duk sun karkata can, sai ya yanko ta zuwa layin hagu. Amorós ya sheƙa, ya miƙa hannu ya cafke ta daf da katanga kafin ta taɓa ƙasa, wanda ya fitar da Berra. Sirrin shi ne bahago ne, safarsa a hannun dama take, hannun da ke fuskantar layin. Da na-dama ne sai ya juya hannu ta gaban ƙirji, da wuya ya kai. Ya jefa wa Pee Wee Reese, Reese ya jefa wa Hodges, aka kama Gil McDougald bai dawo zangon farko ba. An tashi 2 da 0. Shi ne kofi ɗaya tilo da Brooklyn ta taɓa gani.

Shekara biyu kacal suka more shi. Filin Ebbets ya tsufa, ba ya ɗaukar fiye da mutum dubu talatin da 'yan kai, ba wurin ajiye motoci, magoya baya kuma sun fara ƙaura bayan gari. Mai ƙungiyar, Walter O'Malley, ya nemi fili a mahaɗar titunan Atlantic da Flatbush. Robert Moses, mai iko da gine-ginen birnin, ya ce sai dai a Queens, wata unguwar New York daban. Los Angeles ta yi tayi, bayan kakar 1957 aka kwashe. An rushe Ebbets a 1960, tsofaffin Brooklyn da yawa sun mutu ba su yafe ba. A can ma akwai wanda aka zalunta: kwarin Chavez Ravine, inda aka gina sabon filin mai ɗaukar mutum 56,000 da aka buɗe a 1962, unguwannin 'yan asalin Meziko ne. Tun farko da sunan gina gidajen gwamnati aka tashe su, ba a gina ba, a Mayun 1959 kuma 'yan sanda suka fitar da na ƙarshe da ƙarfi. Kafin a gama ginin an yi zaman haya a Coliseum, filin da ba don besbol aka yi shi ba: katangar hagu mita 76 kawai, sai da aka kafa raga mai tsayin kusan mita 13 don kada kowane duka ya haure. A nan mutum 93,103 suka taru a 1959 don karrama Campanella, wanda haɗarin mota ya shanye masa jiki.

Shekarun 1960 na mai jifa Sandy Koufax ne. Sau huɗu ya gama wasa ba wanda ya sami duka mai kyau a kansa, ciki har da 9 ga Satumba 1965, inda ya fitar da mutum 27 na Chicago Cubs a jere. A gasar ƙarshe ta shekarar ya ƙi buga wasan farko don ya faɗo ranar Yom Kippur, babbar ranar azumin Yahudawa, sannan ya dawo a na bakwai da hutun kwana biyu kacal ya hana Minnesota ko maki ɗaya. Gwiwar hannunsa ta riga ta lalace, bayan kowane wasa sai ya tsoma ta cikin ƙanƙara. Ya ajiye wasa a 1966 yana da shekara 30. Gwiwar hannun mai jifa ita ce inda abu ke ɓaci, domin ɗan siririn jijiyar da ke riƙe ta ta ciki yana shan ja duk jifa har ya tsinke. A 1974 likitan ƙungiyar, Frank Jobe, ya ciro jijiya daga hannun daman Tommy John, ya huda ƙashin gwiwarsa ta hagu ya saƙa ta a madadin wadda ta tsinke. John ya dawo a 1976, ya yi wasa har 1989. Tiyatar da sunansa ake kiranta har yau.

Ƙofar da Robinson ya buɗe ba ta tsaya kan baƙaƙe ba. A 1981 mai jifa Fernando Valenzuela, ɗan ƙauye daga Sonora ta Meziko mai shekara 20, ya ci wasanninsa takwas na farko, biyar daga ciki ba a ci shi ko ɗaya ba. Shi ya jawo 'yan asalin Meziko da yawa zuwa filin da aka gina kan unguwannin danginsu, a shekarar kuma aka doke Yankees. Chan Ho Park na Koriya ta Kudu ya zo a 1994, Hideo Nomo na Japan a 1995.

Daren 15 ga Oktoba 1988 shi ne ramuwar 1941. Oakland na gaba 4 da 3, zagaye na tara, an fitar da biyu, Dennis Eckersley ke jifa, wanda babu kamarsa wajen rufe wasa a lokacin. Kirk Gibson na Dodgers yana ɗakin jinya da ciwo a ƙafafu biyu, bai ma fito gabatarwa ba. Mike Davis ya sami zango kyauta, sai koci Tommy Lasorda ya kira Gibson, ya fito yana ɗingishi. Nan take aka ci shi biyu. Ya yi ta tunkuɗe ƙwallo gefe yana jan lokaci, har lissafi ya kai uku da biyu, wato jifa uku a karkace, shi kuma an ci shi biyu. Ɗan leƙen ƙungiyar, Mel Didier, ya riga ya gaya musu cewa a irin wannan lissafi, in bahago ne ke duka, Eckersley na jefa mai lanƙwasa da ke shigowa daga waje. Ita ya jira, ita ta zo. Ƙafafu ba ƙarfi, da hannu kawai ya ɗauke ta ta haure katangar dama, 5 da 4. Bai sake riƙe sanda ba a gasar, amma Dodgers ta ɗauki kofin a wasa biyar.

Daga nan sai fari na shekara 32. A 2017 Houston Astros ta doke su a wasa na bakwai, daga baya bincike ya tabbatar Astros na satar alama a kakar da kyamara, suna buga garwar shara don sanar da mai duka; abin 1951 ne ya dawo da sabon kayan aiki. Kofin ya dawo a 2020, a gajeriyar kakar korona mai wasa 60. A ƙarshen 2023 ƙungiyar ta ɗauki Shohei Ohtani kan dala miliyan 700 na shekara goma, a kakarsa ta farko ya haurar da ƙwallo sau 54 ya saci zango 59, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa.

Ranar 25 ga Oktoba 2024, wasan farko na gasar ƙarshe, Yankees ce kuma. Zagaye na goma, Dodgers na baya 3 da 2, an fitar da biyu, zanguna uku cike. Freddie Freeman ya shigo da targaɗe a idon sawu, jifar farko ta Nestor Cortes ya aika ta katangar dama, ɓangaren da ƙwallon Gibson ta faɗa, aka tashi 6 da 3. Ba a taɓa rufe wasan World Series da irin wannan duka mai maki huɗu ba. Sun ɗauki kofin a wasa biyar, a 2025 kuma suka riƙe shi a Toronto, wasa na bakwai, zagaye na goma sha ɗaya, Yoshinobu Yamamoto na jifa bayan ya yi aiki a daren da ya gabace shi. Kofi na tara ke nan, takwas daga ciki a Los Angeles.