Waiwaye: Yadda Aka Koyi Hasashen Lokacin Isowar Bas

Shekaru da dama, abin da mai jiran bas a birni yake dogaro da shi shi ne jadawalin da aka manna a tasha, takardar da ba ruwanta da ruwan sama, ba ruwanta da hatsari, balle cunkoson safiyar Litinin. Laifin kuma ba na direba kaɗai ba ne. Tun a 1964 masana biyu, Newell da Potts, suka nuna cewa motar da ta ɗan makara takan tarar fasinjoji sun taru, sai ta ƙara daɗewa wajen ɗaukarsu, ta bayanta kuwa ta tarar da tasha fayau ta cim mata, har a ga biyu ko uku sun iso a jere bayan dogon jira.

Abin da aka fara nema shi ne sanin inda motar take. A 1992 birnin Landan ya gwada tsarin Countdown a layi mai lamba 18, inda aka kakkafa na'urori a gefen titi da ake gane inda bas take da su idan ta wuce, allon tasha kuma yana nuna mintunan da suka rage. Sauƙi ya samu a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS, tsarin gano wuri ta tauraron ɗan'adam, ga farar hula, kuskuren da kan kai mita 100 ya ragu ƙwarai. Zuwa 2009 Landan ta sanya tsarin iBus mai amfani da tauraron ɗan'adam a motoci kimanin 8,000. A gefe guda, Google da hukumar sufuri ta TriMet a birnin Portland na Amurka sun fito da tsarin GTFS a 2005 domin a riƙa rubuta jadawalin sufuri bisa tsari iri ɗaya, aka ƙara masa sashen bayanan kai-tsaye a 2011.

Sai dai sanin inda bas take daban, sanin abin da ke gabanta daban, kuma a nan gizo yake saƙa. Motar da ke nesa da kilomita biyu tana iya isowa cikin minti biyar, tana iya cinye rabin sa'a. Ga shi kuma birane da yawa ba su da halin sanya na'urar bibiya a kowace mota. Mafitar ta fito daga aljihun jama'a: tun 2009 manhajar taswira ta Google Maps take auna gudun titi daga motsin wayoyin masu tafiya, ta ƙara ƙarfi da Google ya sayi Waze, manhajar nuna wa direbobi hanya, a 2013. A watan Yunin 2019 Google ya fara hasashen jinkirin bas daga cunkoson ƙananan motoci, a wuraren da hukumomin sufuri ba sa bayar da bayanan kai-tsaye. Kwamfuta takan yanka hanyar gunduwa-gunduwa, wani yanki titi wani tasha, ta ƙiyasta lokacin kowanne bisa gudun motoci a wannan sa'ar da abin da ta koya daga tafiye-tafiyen baya, sannan ta tara.

A ganina, raunin dabarar yana nan inda bas ta bambanta da ƙaramar mota. Tana da nauyin tashi, tana shan kwana a hankali, wani titin kuma an ware mata layinta, ta wuce abinta alhali wayoyin da ke gefe suna nuna hanya ta toshe. Su ma wayoyin ana iya yaudararsu, kamar yadda wani mai fasaha, Simon Weckert, ya nuna a Barlin da ya ja wayoyi 99 a ƙaramin amalanke, taswirar Google ta yi ja, alamar cunkoso, a titin da babu kowa. Tsayawa a tasha ta fi duka wuyar ƙiyasi, domin gudun motocin da ke wucewa ba ya faɗin mutum nawa ke jiran hawa, ko akwai mai keken guragu a cikinsu da za a sauke wa matakala.