Horon likitoci masu neman ƙwarewa kan gyaran tsarin asibiti a Saudiyya

Gyaran tsarin asibiti sashe ne na horon likitoci masu neman ƙwarewa, waɗanda a asibitocin Saudiyya ake kira muƙim. Ana so likita ya san hanyar da majinyaci ke bi tun daga ɗakin gaggawa har sallama, ya gano inda aiki ke tsinkewa tsakanin likita da nas da ɗakin magani da ɗakin gwaji, sannan ya iya auna ko gyaransa ya yi amfani.

Asali

A 1999 hukumar ACGME, mai tantance horon likitoci a Amurka, ta sanya aiki cikin tsarin lafiya a jerin ƙwarewa shida da ake nema wurin likita. A shekarar ne wani rahoto ya ƙiyasta cewa kuskuren jinya na kashe mutum 44,000 zuwa 98,000 a asibitocin Amurka duk shekara. Hukumar ƙwarewar fannonin lafiya ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1992, ta ɗauki tsarin CanMEDS na Kanada, mai ba likita matsayi bakwai, ciki har da na jagora mai kula da ingancin aiki. Hukumar CBAHI, mai tantance asibitoci tun 2005, ita ma tana neman shaidar irin wannan aiki.

Yadda ake koyarwa

Lacca kaɗai ba ta isa; akan ba muƙim matsala guda ƙarama ya bi ta. Misali, majinyacin da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa har ya galabaita ya kamata a sa masa maganin kashe su cikin awa ɗaya. Muƙim zai fara da duba fayilolin baya, ya rubuta mintunan da aka ɗauka a kowanne. Sai ya zana ƙashin kifi na Ishikawa, wato zanen da ake jera musabbaban matsala a kansa, tare da nas da mai haɗa magani, don su ne suka san inda gizo ke saƙar. Sau da yawa abin da ke fitowa ba jahilci ba ne: likita ya shigar da umarni a kwamfuta bai gaya wa nas ba, maganin yana wani bene, ga jinin gwaji da za a ɗiba kafin allura.

Daga nan sai zagayen PDSA: a tsara, a gwada, a duba, a yanke shawara. A ɗaki ɗaya ake gwadawa, na 'yan kwanaki, kamar ajiye allurar farko a kabad ɗin ɗakin. Ana ɗiga sakamakon a jadawali bisa lokaci. Ɗigo shida a jere a gefe guda na layin tsakiya alama ce canjin na gaske ne, ba katari ba ne. Akan kuma auna ɓarnar da gyaran ke iya jawowa, wato ko an koma ɗirka wa kowa magani don cika awa.

Miƙa aiki da harshe

Canjin aiki wuri ne da bayani ke zubewa, shi ya sa ake koyar da tsarin miƙa bayanin majinyaci mataki-mataki, kamar SBAR, ko I-PASS inda mai karɓa ke maimaita abin da ya ji. A Makka da Madina da Jidda akwai ƙarin matsalar harshe. Dattijuwar alhajiya da ba ta jin Larabci za ta ce “ƙirjina ke suka”, jikanta ya fassara shi da gajiya, ko kunya ta hana ta faɗin ciwon mara a gabansa. Janyo nas Bahaushiya daga bakin aikinta maganin yau ne kawai. Gyaran tsari shi ne a rubuta harshen majinyaci a fayil tun wurin rajista, a tanadi tafinta.

Inda ake tuntuɓe

Muƙim na canza sashe bayan wata ɗaya ko 'yan watanni, aikin ya mutu da tafiyarsa in ba a damƙa shi ga ma'aikacin dindindin ba. Wasu kan yi shi don takardar kammalawa kawai, su auna sau biyu, kafin da bayan, wanda ba ya nuna komai. Mafi muni shi ne inda fom ɗin rahoton kuskure, OVR, ya zama abin yi wa juna barazana. Nan take ƙananan likitoci ke yin gum, rahotanni su ragu, shugabanni su ɗauka kurakurai ne suka ragu.